Zakaran Gwajin Dafi: Mai Sayen Na'urar Gem Ranar da Ta Fito

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Hadiza ce, ga Yaya Bashir a gefena, ga kuma Sadiq can tun ɗazu kansa na cikin waya. Sadiq, mun fa fara.

Sadiq: Na ajiye, Yaya Hadiza, na ajiye. Jita-jitar na'urorin da za su fito nan gaba nake karantawa.

Bashir: Kun ji ko? Abin da ko hotonsa ba a gani ba, yaron nan har ya fara tara masa kuɗi.

Sadiq: Ban musa ba. Ni dai duk ranar da aka buɗe karɓar kuɗi kafin fitowa, da ni za a yi.

Hadiza: To ai ka kawo mu kan maganar yau da kanka. Mutumin da ya sayi na'urar gem ranar da ta fito, ko a makonnin farko, me ya samu, me kuma ya rasa? Yaya Bashir, kai ne babba, kai ka ga jiya ka ga yau.

Bashir: Ni abin da na daɗe ina faɗa wa ƙannena bai canza ba. Na'urar da kamfani ya fitar ranar farko ita ce mafi rauni a duk zubin da zai yi mata. Ta fi zafi, ta fi cin wuta, ta fi ƙara, manhajarta ba ta gama nuna ba, wasanninta kuma ba su taka kara sun karya ba. Duk wanda ya zo bayanka zai samu wadda ta fi taka. Kai da ka yi sammako, kai ne zakaran gwajin dafi, kuma da kuɗinka.

Sadiq: Yaya, ai kamfanonin nan suna gwada kayansu kafin su fitar.

Bashir: Suna gwadawa mana. Amma gwajin ɗakin bincike daban, hannun mutum miliyan daban. A ɗakin gwaji ba wanda zai cusa na'ura cikin durowar talabijin ya rufe, ya kwana yana bugawa. Ka san labarin Xbox 360?

Sadiq: Na ji ana maganar jan zobe, amma lokacin ina ƙarami.

Bashir: To saurara. Microsoft ta fitar da ita a Nuwamban 2005, shekara guda cur kafin Sony ta kawo PlayStation 3. So suke su riga kowa shiga kasuwa, kuma sun riga. A gaban na'urar akwai zobe kewaye da maɓallin kunnawa, an raba shi gida huɗu, kullum kore yake nunawa. Sai mutane suka fara wayar gari su ga gida uku sun koma ja. Shi ke nan, ba hoto ba sauti.

Hadiza: Me ke kawo shi takamaimai?

Bashir: Zafi da sanyi. Ka kunna, cif ɗin da ke zana hoto, wato ɗan ƙaramin guntun lantarkin da ke yin lissafi, ya yi zafi, ƙarfe ya buɗe. Ka kashe, ya huce, ya tsuke. Yau da gobe, 'yan ƙananan ɗigon dalmar da ke haɗa cif ɗin da allonsa sai su tsage. Irin wannan ba ya nunawa a mako ɗaya, sai an yi watanni ana kunnawa ana kashewa. Har wata dabara mutane suka ƙirƙiro, su naɗe na'urar da tawul su kunna ta, ta yi zafi sosai, wai ko haɗin zai koma. Takan tashi ta yi kwana biyu ta sake mutuwa.

Sadiq: Tawul? Ai gobara suke nema.

Hadiza: Kuma abin bai tsaya kan 'yan tsiraru ba. A Yulin 2007 Microsoft ta fito ta amsa, ta mayar da garantin wannan matsala shekara uku, ta ware sama da dala biliyan 1 don gyara da musanya. Kamfani ba ya fitar da irin wannan kuɗi a kan ƙaramin abu.

Bashir: Ga kuma inda nake son Sadiq ya lura. Sun yi ta sauya allon ciki a hankali, ba tare da sunan na'urar ya canza ba. Zubin da ake kira Jasper, na ƙarshen 2008, ya fi na farko juriya nesa ba kusa ba. A 2010 kuma aka fitar da siririyar gaba ɗaya. Kwali ɗaya, suna ɗaya, amma wanda ya saya a 2005 da wanda ya saya a 2009 ba abu ɗaya suka kai gida ba.

Sadiq: To wannan shekara ashirin ke nan fa. Yanzu an ci gaba.

Bashir: An ci gaba, ban ƙi ba. Ba a sake ganin ɓarna mai girman wannan ba. Amma gyaran ɓoye bai daina ba. Ɗauki Switch. Ta fito a Maris 2017, batirinta na yin awa biyu da rabi zuwa shida da rabi. A 2019 Nintendo ta sa mata sabon cif, batirin ya koma awa huɗu da rabi zuwa tara. Kuɗin bai ƙaru ba. Sai dai ka gane ta da jan kwali.

Hadiza: Ita ma PlayStation 5 an yi ta rage mata nauyi shekara bayan shekara, kafin a kawo siririyar a ƙarshen 2023 da ma'aji mafi girma.

Sadiq: Bari in kare kaina kaɗan, don na ga kun haɗe min kai. Akwai lokacin da na farkon ne ya ci riba. PlayStation 3 ta farko tana karanta faifan PlayStation 2. Daga baya Sony ta cire wannan don rage kuɗin ƙira. Yau masu tara tsofaffin na'urori ita suke nema ido rufe.

Bashir: Wannan gaskiya ne, na ba ka. Amma nawa ya biya?

Sadiq: Da tsada dai.

Hadiza: Dala 599 a Amurka, mai ma'ajin gig 60, a Nuwamban 2006. Ƙaramar kuma dala 499. Da siririyar ta zo a 2009, dala 299 aka sa mata. Rabin kuɗi ke nan, cikin ƙasa da shekara uku.

Bashir: Kuma wannan ma an yi wa mutane adalci, tunda sun mori abinsu shekara uku. Ki ba shi labarin 3DS.

Hadiza: Kai, wannan kam ya yi ciwo. Nintendo ta fitar da 3DS, 'yar na'urarta ta hannu, a Amurka a ƙarshen Maris 2011 kan dala 250. Kasuwa ta ƙi. Ba a cika wata biyar ba, a Agusta, suka zabge ta zuwa dala 170. Ka yi tunanin mutumin da ya bi layi ya biya 250, maƙwabcinsa da bai damu ba ya zo ya ɗauka da ragin dala 80. Sai da kamfanin ya ba masu sayen farko tsofaffin wasanni 20 kyauta don ya lallashe su, shugabansa na lokacin, Satoru Iwata, ya rage albashinsa da rabi.

Sadiq: To ai sun yi halacci.

Hadiza: Sun yi, kuma shi ya sa har yau ake tunawa, don ba kasafai ake yi ba. Xbox One fa? Nuwamban 2013, dala 499, kuma dole ka haɗa da kyamarar Kinect ko kana so ko ba ka so. Aka ce ita ce zuciyar na'urar, ba a raba su. Watan Yunin 2014 sai ga ta ba kyamara a dala 399. Daga baya ma aka daina ƙera kyamarar kwata-kwata. Wanda ya yi gaggawa ya biya dala 100 a kan abin da ya ƙare a bayan talabijin yana shan ƙura.

Sadiq: To yanzu ku bar ni in yi magana, don a nan ne nake da ku. Duk misalan nan naku na da ne. Wannan zamanin lissafin ya juye. PlayStation 5 ta fito a Nuwamban 2020 kan dala 499. A Agustan 2022 aka ƙara mata kuɗi a Turai da Japan da wasu wurare. A Agustan 2025 ta koma dala 550 a Amurka. Xbox Series X da ita ma ta fara a 499, kafin 2025 ta ƙare ta kai 650. To wanda ya ce bari in jira ta yi araha, shi ne ya sha ƙasa. Yaya Bashir, amsa.

Bashir: Hmm.

Hadiza: Yau an kama Yaya.

Bashir: A'a, in yaro ya faɗi gaskiya a ba shi. Wannan magana haka take, kuma ni kaina ta ba ni mamaki, don duk tsawon rayuwata na saba na'ura tana tsufa tana sauka. Dalilin saukar a da shi ne, duk bayan shekara biyu ko uku ana iya ƙanƙanta cif. In ya ƙanƙance, sai ka yanka da yawa daga faranti ɗaya, ya rage cin wuta, fanka ta ragu, akwatin ya ragu, kuɗin jigila ya ragu. Yanzu ƙanƙantawar kanta ta yi tsada ƙwarai, ba ta kawo rangwamen da take kawowa. Ka haɗa da hauhawar farashi da harajin shigo da kaya. Don haka wanda zai ce maka jira za ta yi araha, yau ba shi da tabbas.

Sadiq: Alhamdulillahi. A rubuta ranar nan.

Bashir: Kar ka yi saurin murna. Tambaya ɗaya zan yi maka. A Nuwamban 2020, wa ya samu PlayStation 5 a dala 499?

Sadiq: To... masu sa'a.

Bashir: Masu sa'a da 'yan sari. Annobar korona ta sa kowa na gida yana neman abin yi, masana'antun cif kuma sun kasa wadatar da duniya, har kamfanonin motoci suna tsayar da aiki. Shago zai sa kaya a intanet, cikin 'yan mintuna sun ƙare. Kuma da yawa ba mutane ne ke dannawa ba, manhajoji ne da ake kira bot, an shirya su su cika fom su biya kafin kai ka gama rubuta sunanka. Sai ka ga kayan a shafin saye da sayarwa na eBay kusan ninki biyu.

Hadiza: Kuma ba wata ɗaya aka yi a haka ba. Sai a farkon 2023 Sony ta ce ƙarancin ya wuce. Sama da shekara biyu.

Bashir: Sayen hannun ɗan sari kuma ba tsada kaɗai ba ce. Rasit ba da sunanka ba. In ta lalace ka je neman garanti, sai a fara dogon turanci. Wasu ma hoton na'urar aka tallata musu, suka biya ba su karanta da kyau ba. Cinikin biri a sama.

Hadiza: Ni kuwa duk wannan maganar kuɗi da ƙarfe ba ita ta fi damuna ba. Wasannin ne. Mutum ba akwati yake saye ba, abin da zai buga yake saye. Kuma shekarar farko ta kowace na'ura kusan fari ake yi.

Sadiq: Fari kuma? Ai ana fitowa da wasanni ranar farko.

Hadiza: Ana fitowa da su, amma ka duba irinsu. Babban wasa yanzu yana cin shekara huɗu, biyar, wani ma fiye. Masu yin wasan ranar farko sun fara aikinsu tun na'urar ba ta kammala ba, suna aiki da hasashe. Ba su san lungunanta ba tukuna. Shi ya sa in ka ɗauki wasan shekarar farko ka ajiye kusa da na shekara ta shida a na'ura ɗaya, sai ka rantse ba uwa ɗaya ta haife su ba. Masu PlayStation 3 sun ga haka. Cif ɗinta mai suna Cell ya ba masu shirya wasanni wahala sosai, har wasanni da yawa na farko sun fi tafiya daidai a Xbox 360. Sai can wajen ƙarshen rayuwarta aka ga abin da za ta iya.

Bashir: Ki ƙara da lissafin 'yan kasuwa.

Hadiza: Shi ne babba ma. PlayStation 4 ta wuce miliyan 100 a hannun jama'a. Kai ne mai kamfanin wasa, ka kashe maƙudan kuɗi, za ka sayar wa mutum miliyan 100 ko miliyan biyar da suka samu sabuwa? Dole ka yi wa duka biyun. In kuwa wasa zai tafi a tsohuwa, to ba zai iya amfani da duk ƙarfin sabuwa ba. Ita kanta Sony haka ta yi. Spider-Man: Miles Morales ya fito a duka biyun. Horizon Forbidden West a Fabrairun 2022, duka biyun. Gran Turismo 7, duka biyun. God of War Ragnarök a Nuwamban 2022, shekara biyu cif bayan fitowar PlayStation 5, shi ma yana kan PlayStation 4.

Sadiq: Amma ba ɗaya ba ne, Yaya Hadiza. A sabuwar hoton ya fi santsi, ba jiran lodi. Ka mutu a wasa, kafin ka ɗauki kofin ruwa an dawo da kai.

Hadiza: Na yarda, kuma wanda ya ɗanɗana ba ya son komawa. Amma labarin ɗaya ne, wasan ɗaya ne. Tambayar ita ce ko rage jiran lodi ya kai dala 500, balle 900 a hannun ɗan sari.

Bashir: Na Xbox ma ya fi ban dariya. Hoton jarumin wasan Halo ne a bayan kwalin Series X, don da wasan aka shirya fitar da ita. Aka ɗage Halo Infinite, bai zo ba sai Disambar 2021. Mutum ya yi shekara guda yana kallon hoton a kwali.

Sadiq: To Zelda fa? Zelda: Breath of the Wild ranar farko ya fito da Switch. Super Mario 64 ma haka, tare da Nintendo 64 ya zo a 1996.

Bashir: Waɗannan biyun kam ba mai ja da su. In na'ura ta zo da irin wannan wasa, ni ma ba zan ga laifin wanda ya bi layi ba. Sai dai ka tuna, Nintendo 64 da wasa biyu kacal ta sauka a Amurka, Mario da Pilotwings. In ka gama su sai ka zauna. Shi kuma Zelda, rana ɗaya ya fito a Wii U, na'urar Nintendo da ta gabaci Switch.

Hadiza: Tunda ka ambaci Wii U, mu taɓa haɗarin da ya fi kowanne, wato ka sayi na'urar da ba za ta yi rai ba. Ranar farko ba wanda ya san wadda za ta karɓu. Wii ta sayar da sama da miliyan 100, kowa ya ɗauka magajiyarta ma haka za ta yi. Wii U ta fito a Nuwamban 2012, ta ƙare a miliyan 13 da rabi, aka daina ƙera ta a farkon 2017. Manyan kamfanonin wasa tun da wuri suka janye jiki. Mafi kyawun wasanninta kuma aka kwashe su aka kai Switch, irin su Mario Kart 8, aka sake sayar wa mutane.

Bashir: Dreamcast ta Sega ta fi ba ni tausayi, don na'ura ce mai kyau. Ta shiga Amurka ranar 9 ga Satumba 1999, da farko kasuwa ta yi kyau. Farkon 2001 Sega ta ce ta daina ƙera na'urori gaba ɗaya. Shekara ɗaya da 'yan watanni.

Sadiq: Amma in kowa ya ce zai jira, ai kowace na'ura haka za ta mutu. Dole wani ya fara saye.

Bashir: Dole kam. Ni dai ban ga dalilin da zai sa ya zama ni ba.

Hadiza: Allah ya shirye ka, Yaya. Akwai kuma abin da mutane ba sa lura da shi sai sun kunna, wato manhajar na'urar kanta. PlayStation 5 an rubuta mata gig 825, amma abin da ke hannunka wajen 667 ne, a zamanin da wasa ɗaya kan haura gig 100. Akwai gurbin ƙara ma'aji a jikinta, ana ganinsa, amma a kulle yake. Sai a Satumban 2021 aka buɗe shi da sabuntawa. Wata goma mutane suna goge wannan don su sa wancan.

Sadiq: Switch ma na tuna, ba ta haɗuwa da abin kunne na Bluetooth.

Hadiza: Sai Satumban 2021 ita ma, shekara huɗu da rabi. Ajiye ci gaban wasanka a intanet kuwa sai 2018. Kafin nan in na'urarka ta ɓata ko ta lalace, awa ɗari da ka zuba a Zelda sun tafi.

Bashir: Bari in ba ku nawa, ba zan faɗi sunan kamfanin ba. Sau ɗaya a rayuwata na yi irin ɗokin Sadiq. Na samu wata na'ura a makon farko, na ɗauko ta kamar amarya. Kwana uku na yi ina gayyato abokai su zo kallo. Wasa ɗaya na saya da ita, na tseren mota, don shi kaɗai ne ya yi kama da abin bugawa. Mako biyu na haddace kowace kwana a cikinsa. Daga nan sai na koma kunna ta ina yawo cikin menu, in kashe. Wajen wata na huɗu fankarta ta fara kuka kamar jirgi zai tashi. Na aika gyara, ta yi makonni. Lokacin da wasan da nake jira da gaske ya fito, garantina saura kaɗan ya ƙare.

Sadiq: Wannan maganar garantin ban taɓa tunaninta ba.

Bashir: Yawanci shekara ɗaya ce, wasu ƙasashen biyu, kuma daga ranar saye take fara ƙirga, ba daga ranar da ka fara morar abin ba. Ka cinye ta a lokacin da na'urar ke zaune ba aiki.

Hadiza: Amma don adalci, ba kowace cuta jira ke magani ba. Matsalar sandar hannu da ke tafiya da kanta, ka ajiye hannun amma ɗan wasanka na ta gangarawa gefe, ta addabi Joy-Con, wato hannayen Switch, shekara da shekaru, har Nintendo ta koma gyarawa kyauta a wasu ƙasashe. Wanda ya saya a 2017 da wanda ya saya a 2020 duk sun gamu da ita.

Bashir: Saboda ƙirar ce. A cikin sandar akwai ɗan ƙarfe da ke goga wani siririn layi don a gane inda ka karkata. Abin da ake gogawa kullum dole ya cinye, ƙura kuma ta shiga. Hannayen sauran kamfanonin ma irin wannan tsarin ne. Akwai masu aiki da maganaɗisu, ba sa gogar komai, amma sai dai ka saya daban. Abin da mai jira ya samu a nan shi ne sani. Ya shiga da idonsa a buɗe.

Hadiza: Sai kuɗaɗen gefe, a gurguje. Da zamanin PlayStation 5 manyan wasanni suka tashi daga dala 60 zuwa 70. Switch 2 ta zo a Yunin 2025 kan dala 450, Mario Kart World shi kaɗai dala 80, kuma tsohon katin memorinka ba zai ɗauki wasanninta ba, sai nau'in microSD Express. Katin ƙarin ma'aji na Xbox Series dala 220 aka fara sayar da shi. In kana son hoto 120 a daƙiƙa, talabijin ɗinka ma sai ta dace. Kuma a farko ba ragi, ba na hannu da za ka saya da sauƙi.

Sadiq: Duk da haka Switch 2 ta sayar da sama da miliyan uku da rabi a kwana huɗu. Mutanen nan duk ba su da hankali ne?

Hadiza: Suna da shi sarai. Ni ban raina abin da suke saye ba. Akwai daɗin kasancewa cikin hira lokacin da ake yinta, kowa na gano abu tare, ba wanda ya riga ya ɓata maka ƙarshen labari. In abokanka duk sun koma sabuwa, ku ke buga ƙwallo tare kowane dare, zamanka a tsohuwa kaɗaici ne. Wanda kuma sana'arsa ke nan, mai yin bidiyo ko sharhi, shi kayan aiki ya saya.

Bashir: Da wanda ba shi da ta baya gaba ɗaya. Shi in ya sayi sabuwa mai karanta wasannin tsohuwa, ya samu rumbu guda ranar farko. Wannan lissafinsa daban. Da mai PlayStation 4 lafiyayya a ɗaki nake, wanda ko rabin wasannin da ya saya bai gama ba.

Sadiq: Yanzu kuma habaici aka koma.

Bashir: Wasa nawa ne a na'urarka da ba ka kai ƙarshensu ba?

Sadiq: Ba a tambayar mutum irin wannan a bainar jama'a.

Hadiza: To bari in yi maka mai sauƙi. Ita wannan na'urar da kake tara wa kuɗi, faɗa mana wasa uku da za ka buga a kanta waɗanda ba za su zo kan wadda kake da ita ba.

Sadiq: Ai ba a sanar da wasannin ba tukuna.

Hadiza: Ɗaya fa?

Sadiq: Yaya Hadiza, ita na'urar ma ba a sanar da ita ba.

Bashir: Amma kuɗi sun kai nawa?

Sadiq: Sun kusa rabi. Kuma ku sani, ranar da na kawo ta, Yaya Bashir ne zai fara cewa a miƙo masa hannu ɗaya.

Bashir: Zan karɓa mana. Wa ya ce maka ina ƙin na wani?

Hadiza: Masu sauraro, lokaci ya cinye mu. Sadiq, ɗauki wayarka. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.